Kamun Hannun Sabi'u

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne Sabi'u a nan Doha, har yau littattafan awonsa na cikin akwatina, na kasa yin komai da su.

Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Al Muntazah, ni ina karatun haɗa magunguna, shi yana nazarin tsofaffin gine-gine. Ɗan magini ne daga Zariya. Binciken digirinsa a kan kangon wani haikalin Hindu ne a kudancin Indiya, a bakin kogi. Tsokana kuwa ya sha ta a wurina. "Kai Sabi'u, duk masallatan duniya ba su ishe ka ba sai ɗakin gumaka?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ba bauta na je yi ba, ɗan'uwa. Hannun magina na je gani."

In ya fara zancen haikalin ba ya gajiya. Wani sarki ne ya sa aka gina shi, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Duwatsu ne aka sassaƙa, kowanne ya shige cikin ɗan'uwansa, babu laka babu siminti. Hasumiyar ta rushe tuni, saura ginshiƙai da bango ɗaya da kogi ke ci ta ƙasa. Burinsa ya auna komai, ko da ginin ya tafi a san yadda yake.

Ga inda aka samu matsala. Sabi'u bai yarda da tef ba. Da hannunsa yake awo kamar yadda mahaifinsa ya koya masa: kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kowane ginshiƙi, kowace ƙofa, kamu kaza da yatsu kaza. Na ce masa ya mayar da su mita, ya ce, "Khalas, bar maganar, sai na dawo daga zuwa na ƙarshe. Hannun ai yana jikina." Kafin ya mayar da su, ciwon kwana huɗu ya ɗauke shi.

Bara wani abokin aikina ɗan can yankin na Indiya ya nuna min hoto a waya. Ambaliya ta kwashe bangon, ginshiƙan suna kwance cikin ruwa. Na kai littattafan wurin malamin Sabi'u, ya daɗe yana juya shafuka, sannan ya tambaye ni tsawon kamun. Sai dai a yi kintace, in ji shi, kuma ba a tsayar da dutse bisa dutse da kintace.

In na bi ta Corniche, titin bakin teku, na ga benayen gilashin nan, nakan tambayi kaina me Sabi'u zai ce. Ina jin zai tambaya ko wani zai damu ya auna su ranar da suka faɗi. Gaskiya na daina sa rai a kan littattafan nan.

Abin da ya rage na Sabi'u lambobi ne da ba mai iya karantawa. Abin da ke cin raina kuwa, ni na yi masa wanka. Na riƙe hannun nan na dama, na wanke shi har gwiwa sau uku, na miƙar da shi a gefensa. Wallahi ko kaɗan bai zo min a rai in auna shi ba. Allah Ya jiƙanka, Sabi'u.