Layun da Abokina Ya Binne wa Gara

Shekarun baya, can zamanin soja, lokacin da nake da suma a kai kuma babur ɗina yake tashi da bugu ɗaya, ina da injin ɓarar gyaɗa a bakin kasuwar Rogo. Waɗanda suka san ni sun san halina, in na ga kiyashi sai in ce muku raƙumi na gani. Amma labarin yau ku karɓe shi yadda ya zo, ban sa masa gishiri ba. To, sai ɗan kaɗan, don kar ya yi lami.

Ina da aboki, tare muka yi firamare a Karaye. Ni na tsaya a nan don malamai sun ga ilmina ya fi ƙarfinsu, shi kuwa ya yi ta tafiya har ya zama malamin jami'a, yana neman digirin dakta. Rannan sai ga shi a rumfata da buhunhuna, wai ɓawon gyaɗa yake so.

Na ce, "Dakta, duk bokon nan da ka sha, ƙarshenta kwasar shara ka dawo yi?"

Ya yi dariya, ya zauna a kan buhu ya yi mini bayani. Niƙe ɓawon ake yi, a gauraya da wata roba mai ruwa-ruwa kamar zuma, a danne a inji har ya daskare ya zama allo. In abin ya yi kyau, talaka ya samu silin da ƙofa da bencin makaranta, ba a sare bishiya ba, ba a jira jirgin ruwa ba. Sai dai akwai alƙali guda da ba ya karɓar lallashi, wato gara. Dole a binne allunan kusa da suri su yi damina biyu, sannan a tone, a auna nauyinsu, a matsa su a inji a ga ƙarfin da ya rage.

Ya ce, "A wurinmu abin da ba a auna ba, ba a yi shi ba. Wanda kuma ba a buga a mujallar masana ba, kamar ba a auna ba ne."

Baffansa yana da gona a Yammedi, da wani suri a kan iyaka. Garar wurin nan in ka manta fartanya, kafin ka dawo daga salla ta cinye ƙotar tana lasar ƙarfen. Da ya gama haɗa allunan ya dawo, can muka nufa da sassafe don gudun rana. Da ya buɗe jaka na ga kayan sai da na ja da baya. 'Yan ƙanana ne masu kusurwa huɗu, launin jemammiyar fata, kowanne an huda shi an ɗaura masa waya da ɗan gwangwani mai lambobi. Ya kuma zana layuka a ƙasa gida-gida kamar hatimi, kowane gida rami ɗaya.

Na ce, "Dakta, wallahi in na wayi gari na ga wannan a ƙofar gidana, ko takalmi ba zan tsaya ɗauka ba."

Muka yi dariya muka rufe ramuka. Abin da bai zo mana a rai ba, a ƙauye ba a haƙa a kan iyakar gona sai an kira maƙwabci ya tsaya ya gani, ko a shaida wa mai unguwa. Baffan kuwa idonsa ya yi rauni, ya ɗauka dashen bishiya muka je yi.

Damina ta farko ta wuce, rani ya wuce, ta biyu ta kai tsakiya, gero ya fara fitar da kai. Saura a yi girbi abokina ya zo ya tone. A lokacin kuma abubuwa sun tsuke masa. Malamin da ke duba aikinsa baƙo ne, zai koma ƙasarsu ƙarshen shekara. Robar nan daga waje take zuwa, naira ta faɗi, ko ɗigo babu a jami'ar. Ke nan duk abin da ya mallaka na karatun nan yana cikin ƙasar Yammedi.

Sai baffan ya aiko, wai ya zo maza, ba lafiya. Abokina ya biyo ta rumfata, na ɗauke shi a babur. Muna isa muka tarar da zauren mai unguwa ya cika har waje, ana amsa mana sallama da rabin baki.

Ashe maƙwabcin gonar, wani dattijo, babban ɗansa ne kwance. Magidanci ne, shi ke noma ya ci da gidan gaba ɗaya. Yana noma a bakin iyakar nan wani abu ya soke shi a ƙafa, ƙafar ta kumbura, an yi jiƙe-jiƙe da shafe-shafe ba sauƙi. Aka je wurin mai duba, ya ce an binne abu a gefen gonar. Da aka je aka tona wuri guda, sai ga abin abokina da wayarsa da lambobinsa. Ga shi nan an ajiye a tsakiyar zaure a kan ganye, kowa ya naɗe ƙafa nesa da shi.

Ni da bakina ba ya ajiyuwa na ce bari in kashe wutar. Na miƙe na ce, "Jama'a, wannan fa kayan gwamnati ne. Wanda ya taɓa, gobe soja za su cika garin nan har da jirgin sama."

Wani daga baya ya ce, "Au, har da gwamnati aka haɗa baki?"

Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Kai mai inji, zauna." Na zauna. Ban taɓa jin tabarma ta yi mini daɗi kamar ranar ba.

Abokina ya durƙusa, ya gaida kowa, ya ba da haƙurin rashin sanarwa, ya yi bayani tiryan-tiryan. Har ya ce a ba shi wuƙa ya kankare a ga ɓawon gyaɗa da ido. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗan nan, ban ce kai mugu ba ne. Na san kakanka. Amma ni ban san boko ba. Abin da na sani, ɗana ya taka wurin nan lafiya lau, ya dawo a kan jaki."

Abokina ya ce, "Baba, a ba ni izini in duba shi."

Tare muka je gidan dattijon muka shiga. Tun daga ƙofar ɗaki wari ya tare mu. Ba zan kwatanta muku ƙafar nan ba. Mutumin yana ta rawar sanyi, matarsa na gefe tana masa fifita tana share ido da bakin mayafi. Muna fitowa abokina ya ce, "Baba, yau ɗin nan ya kamata a kai shi asibiti Kano. Ciwon ya fara shiga jini."

Dattijon ya girgiza kai. "Ba inda za shi. Muddin abin nan yana cikin ƙasa, ko ina aka kai shi wahalar banza ce. A tone, a ƙone, sannan a yi maganar asibiti."

"Baba, girbi kawai nake jira. In na tone yanzu, aikin shekaru ya tafi."

"Ni kuma ɗa nake jira ya tashi."

Aka kira azahar, muka yi salla. Na matsa kusa da shi na ce, "Dakta, ka tone rabi ka ce shi ke nan, wa ya ƙirga?" Ya ce, "Ramukan a jere suke layi-layi, za su bi su. In suka sami ɗaya da na ɓoye, ba mai sake yarda da maganar asibiti." Ya daɗe zaune bayan an shafa. Da ya tashi sai ya ce, "Baba, in na tone da hannuna, za ka ba ni shi in tafi da shi yau?" Dattijon ya ce, "Na ba ka." Abokina ya ce a kawo dagi.

Gari guda ya bi mu gona. Ya tuɓe rigarsa ta malaman jami'a ya rataye a kan gamba, ya fara haƙa. Na karɓa zan taya shi, ya ce a'a, shi ya binne. Duk wanda ya ciro sai ya kakkaɓe ƙasar, ya juya shi, ya duba lambar, sannan ya ajiye. Wasu gara ta yi musu kaca-kaca kamar an tauna rake. Da ya zo wani layi sai na ga hannunsa ya tsaya. Sumul suke, kamar jiya aka sa su. Ya danna da farce, ya gwada karyawa, ko gezau.

Ya ce da ni a hankali, "Ka gani? Wannan haɗin ne. Ya yi."

Na ce, "To ka roƙe su mana, ko awo ne a bari ka yi."

Ya roƙa. Ƙanin dattijon ya ce ba abin da zai bar gonar nan sai toka. Aka tara kara aka cinna wuta. Kun san roba in ta kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe da wani irin ɗoyi, mutane suka toshe hanci suna a'uziyya, ana cewa, "Kun ji warin mugun abu ko?" Abokina yana tsaye da dagi a hannu, hawaye na zuba. Na ce masa hayaƙi ne ya shigar masa ido. Ya ce e, hayaƙi ne.

Kafin magariba na samo akori-kura daga Rogo, aka shimfiɗa mara lafiya a baya, abokina ya zauna ya ɗora kansa a cinya har Kano. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. An yanke wasu yatsu, amma ya tashi.

Kun san me aka ce a Yammedi? "Kun gani? Ana tonewa ya warke." Aka laƙa wa abokina suna mai binne-binne. In ya je gaida baffansa, mata janye 'ya'yansu suke yi daga hanya. Malaminsa ya koma ƙasarsu. Ya je ya faɗa wa manyansa cewa ya ga haɗin da gara ba ta ci da idonsa, suka ce ina awon? Ba awo. Sai da ya yi shekara da shekaru kafin ya sake samun robar.

Wata ranar kasuwa ina cikin ƙurar inji sai ga dattijon nan da sandarsa. Muka gaisa har da tambayar dabbobi. Ya ce, "Mai inji, na ji abokinka yana neman inda zai sake binne kayansa."

Na ce, "Baba, ai ko a wata duniyar ce ba ya sake kusantar Yammedi."

Ya ce, "Ka gaya masa akwai suri a tsakiyar gonata, ya fi na baffansa mugunta. Ya zo da rana tsaka, a kira mai unguwa. Ni zan yi gadi."

Na ce, "Ke nan ka yarda ba asiri ba ne?"

Ya ce, "Ni har yau ban san abin da ke cikin abin nan ba. Amma na san mutumin da ya tone shi."

Haka aka yi. Damina biyu tsohon nan ko akuya bai bari ta gifta wurin ba, har mutane suka ce shi ma an shanye shi. Abokina ya auna, ya rubuta, aka buga a mujallar waje, ya zama daktan gaske, na rasa sunan tsokana. Sai dai kafin nan masana sun juya akala. Yayi ya koma kan wasu robobi na zamani, ba mai waiwayar sharar gona. Takardar ta kwanta ba mai ambatonta. Ɗaliban da ya koyar suka wuce shi suka zama farfesoshi. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ni ne nake yi a madadinsa, da ƙari.

Da Allah ya yi masa rasuwa aka kawo shi Karaye. Muna isa maƙabarta muka tarar wani mutum mai ɗingishi ya riga kowa, ya karɓe dagi daga hannun masu haƙa, ya ce yau ba mai taɓa ƙasar nan sai shi. Ɗan dattijon ne. Tun daga Yammedi ya zo a keke.

Kwanan baya 'yata da ke jami'a ta nuna mini waya, ta ce, "Baba, ba abokinka ba ne wannan?" Wai yayi ya sake juyowa, duniya ta koma neman yadda za a haɗa sharar gona da roba, masana daga ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba suna ta ambaton takardarsa. Ta ce da haka ake gane nauyin malami, yawan masu ambatonsa. Na ce to, madalla, sun kyauta, ko da yake sun makara.

Har yau dai silin ɗin ɗakina ba na ɓawon gyaɗa ba ne, gara kuma tana nan tana cin ƙofata. Amma duk ranar kasuwar Rogo mutumin nan yakan biyo ta rumfata, ya yi furfura yanzu, jikoki na biye da shi. Mukan gaisa, mu yi wa abokina addu'a, ya wuce. Ni kuwa sai in bi ƙafar nan da kallo har ya shige cikin mutane, kuma a ranar ba na iya tsokanar kowa sai bayan azahar.

Allah ya ji ƙan Dakta, ya sa ya huta.