Yadda na kankare bakan mahaifina

Shekarun baya, ina budurwa a gidanmu na Anguwan Rukuba, na yi wa mahaifina wani abu da na ɗauka ƙauna ce.

A lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya. Nakan saye su idan na raka mahaifiyata sarin kayan miya a Farin Gada, in cusa a ƙarƙashin kabeji. A cikinsu kullum akwai yarinyar da ke sadaukarwa a ɓoye, ba a ganewa sai a shafin ƙarshe, kowa ya yi ta kuka. Na ƙosa in sami wanda zan yi wa haka. Saurayi bai samu ba, sai na faɗa kan mahaifina.

Masinja ne shi a wata ma'aikata har ya yi ritaya. A gari, yara sa'annin 'ya'yansa ma aikensa suke yi, yana ce musu oga. Amma a ƙauyenmu na bayan duwatsu, shi ke gaba idan an fita farautar shekara, a ƙarshen rani kafin ruwan farko, lokacin da gada da mazo ke saukowa neman ruwa. Shi ke sakin kibiyar farko. Sati uku kafin ranar, tsakar gidanmu takan cika da kyauro. Ya gasa shi a garwashi ya miƙe, ya wasa bakin kibiya a dutse, ya shafe tsarkiya da man kaɗanya. A waɗannan makonnin ko tafiyarsa canzawa take yi.

Akwai ƙa'ida. Asabar ɗin da ke gaban farauta, kowane namiji zai ja bakansa har kunne a gaban dattawa, ya riƙe sai an ce ya sauke. Wanda ya kasa ya rataye baka, ya koma cikin masu riƙon karnuka.

A shekarar nan kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Wata safiya na leƙa ta taga, na ga ya ja tsarkiya ta tsaya a ƙirji. Ya sake gwadawa, ya sake. Daga nan ya zauna a kan turmi yana kallon tafin hannunsa.

Da yamma ƙanensa ya zo, wanda shi ne zai gaje shi a jagorancin farautar.

"Yaya, bana dai ka huta," in ji shi, yana dariya. "Hanta har gida zan kawo maka."

"Ka fara kashe zomo tukuna," in ji mahaifina. "Bara kututture ka harba, har kana kiran mutane su zo su taya ka fiɗa."

Mahaifiyata ta sa baki daga bakin murhu. "Baban yara, ka bar masa mana. Kafaɗar nan ko rigarka ba ta iya sa maka."

Ni kuwa a raina na riga na rubuta shafin ƙarshe.

Tun ina ƙarama nake ganin yana rage kaurin sabon baka da fasasshiyar kwalba, don ya yi laushin ja. Abin da ban lura da shi ba shi ne kaɗan-kaɗan yake ɗauka, sama da ƙasa daidai, yana gwadawa. Ran Laraba da la'asar ya tafi zumuntar maza a coci, mahaifiyata tana kasuwa. Na sauko da bakan, abin da mace ba ta taɓawa a gidanmu. Na zauna na kankari wuri guda, sama da mariƙi kaɗan, har farin itace ya fito. Na cuɗa baƙin tukunya da man kaɗanya na shafe. Ina yi ina jin kaina wata tauraruwa.

Washegari ya ɗauko shi. Ya daɗe yana bin jikinsa da babban yatsa, ni kuma ina shara a wuri ɗaya. Sai ya ɗaura tsarkiya ya ja. Ta kai kunne.

"Mama, zo ki gani," ya ce da mahaifiyata. "Wa ya ce na tsufa?"

Na shige ɗaki na yi kukan daɗi.

Ran Asabar muka tafi ƙauye. Mata muna kan wani falalen dutse, maza a fili a ƙasa. Shi aka fara kira. Ya fito da tsohuwar rigarsa ta farauta, ya ja har kunne, ya riƙe. Babban dattijo yana shirin cewa ya sauke, sai muka ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Rabin bakan na sama ya karye ya dawo masa a fuska. Bai yi ihu ba. Ya durƙusa, ya rufe idon hagu da hannu biyu, jini na bin tsakanin yatsunsa.

A bayan motar ɗaukar dankali aka kawo shi asibiti a Jos. Likita ya ce idon ya fashe, sai cirewa.

Kwana biyu bayan haka ƙanensa ya shigo ɗakin da guntayen bakan a buhu. Fuskarsa a murtuke. Ina zaune a gefen gado da kwanon kunu.

"Yaya, an taɓa bakan nan," ya ce. "Dubi, baƙin tukunya ne a kai. A ƙauye ana cewa ni na yi don in hau gaba. Matata ko rafi ba ta iya zuwa."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma mahaifina ya riga ni.

"Ni na kankare," ya ce. "Na ga ba zan iya ja ba, na rage shi, hannuna ya zarce. Je ka faɗa wa dattawa haka."

"Kai, Yaya? Ka yi wa dattawa wayo?"

"Ni."

Ƙanensa ya ajiye buhun ya fita ba sallama. Na san abin da maganar nan ta ci. Da ya kasa ja ne kawai, da tsoho ne mai mutunci, ana aiko masa da cinya kowace shekara. Yanzu ya zama wanda ya yi maguɗi.

Da muka rage mu biyu na durƙusa a ƙasa. "Baba, ni ce."

"Na sani, 'yata. Shekara arba'in ina riƙe da itacen nan. Tun da na ɗauka yatsana ya ji ramin."

"To me ya sa ka ja?"

Ya juyo da idonsa na dama ya dube ni.

"Don ina so in ja," ya ce. "Ke kika kankare, ni na ja. Tashi ki ba ni kunun kafin ya huce."

Ba mu sake maganar ba. Ya yi shekara shida bayan nan, bai ƙara taka ƙauye a lokacin farauta ba, ba wanda ya aiko masa da ko ƙashi. Sai bayan jana'izarsa na gaya wa mahaifiyata da ƙanensa gaskiya. Ƙanen nasa ya je ya gaya wa dattawa, amma yawancin waɗanda suka ga abin sun riga sun mutu.

Tun daga nan ba na taimakon mutum a ɓoye. Ina tambayarsa tukuna, ko da zai ce a'a, ko da a'ar za ta ɓata mini labarin da na shirya a kaina. Na gane cewa ranar nan ba kafaɗarsa nake kallo ba, kaina nake kallo.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne zaman da muka yi a shekarun nan shida. Kunya takan sa in zauna ta hagunsa, gefen da ba ya gani. Sai ya lalubo hannuna ya ce, "Dawo ta nan, inda zan gan ki."