Tatsuniyar da Ba Tamu Ba

A shekarun da shinkafa da sabulu sai an bi layi, asibiti kuma ba magani, ciwon suga ya kama mahaifina a Bodinga. Miki ya fito masa a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Malamin asibiti ya ce a kai shi Sakkwato kafin ƙafar ta tafi, Baba ya ce ba inda za shi. Wani alhaji ya ba shi irƙusus, wata saiwa mai zaƙi, ita yake tauna wuni, ƙafafunsa na ƙara kumbura. Ruwan shuwaka da zogalen da kakarmu Hajo ke dafa masa kuwa, a bakin ƙofa yake hucewa.

Ga matsalar: Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. Kunya ce, haka muka taso muka gani.

Ran nan bayan magariba ta hura wutar da take mana tatsuniya, mu jikokinta, amma ba inda ta saba ba, dab da ƙofar ɗakinsa. Ta ɗaga murya, abin da ba halinta ba.

"Ga ta nan, mai kunne shi ɗauka. Wani manomin albasa ya yi baƙi biyu, Zaƙi da Ɗaci. Ya shimfiɗa ma Zaƙi tabarma, ya bar Ɗaci waje cikin sanyi. Ashe Zaƙi da tururuwa yake yawo. Suka hau manomi tun daga yatsa, suna ci, shi ko yana dariya don bakinai da daɗi."

Nan ta tsaya. Muka ce, "Kaka, sai mi?"

"Ban sani ba. Ƙarshen na hannun mai ƙahwar."

Wallahi tsoro ya kama ni. Duk muka zuba wa labulen ɗakin Baba ido. Tari kawai muka ji daga ciki, labule bai motsa ba. Itace ya cinye har ya koma garwashi.

Sai Kaka ta miƙe, ta ɗauki kwanon shuwaka.

"Ummaru!"

Mahaifiyarmu ta dafe ƙirji. Ni ban ma gane wa ake kira ba sai da Baba ya fito da rarrafe, idonsa a ƙasa.

"Na'am, Inna."

Ya shanye kwanon tas. Washegari aka sa shi a mota. Yatsan ya tafi, ƙafar ta tsira, ya dawo da ƙwayoyi da dokar abinci, shuwakar Kaka kuma bai sake bari ta huce ba.

Na daɗe ina zaton darasin shi ne magani da ɗaci yake. Sai da na haifi nawa ɗan farin na gane wadda ta fi kowa shan ɗaci a ranar. Har ta koma ga Allah, ba mu sake jin sunan nan a bakinta ba.