Yatsun Ranankulas Ƙasa Suke Kallo

Ni jikan manoman citta ne. Tun ban iya rubuta sunana ba na san idon citta, na san shi ake juyawa sama, a rufe da ƙasa, a bi da ganye. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a firamare a Kafanchan, amma ko damina ɗaya ban bar gona ba. Shi ya sa har yau raina ke ɓaci idan na tuna yadda wani ɗan busasshen abu da bai kai babban yatsana ba ya yi wasa da ni a gidana.

'Yarmu da ke aikin jinya a Jos ce ta kawo shi a cikin ambulan, guda goma sha biyu. Kowanne kamar busasshiyar ƙafar kaza, da 'yan yatsu a haɗe. Ta ce, "Baba, tunda ka yi ritaya, ga abin da zai hana ka sa wa Mama ido a kicin." Akwai takarda a ciki mai hoton fure ninki a kan ninki, kamar ɗaurin ɗankwalin ranar Lahadi. Sunansa ranankulas, wai asalinsa daga wajejen Farisa. A ƙasan hoton an rubuta da Turanci cewa duk wanda ya miƙa wa mace wannan fure, cewa yake yi kyanta ya ɗauke masa ido.

A nan na tsaya da karatu. Bayan takardar akwai bayanin yadda ake shukawa, ko juyawa ban yi ba. Bature ne zai koya mini shuka? Na ninke ta na sa a cikin Littafi Mai Tsarki.

Ina da dalilina. Wata rana muna dawowa daga wani biki a Kagoma, inda ango ya riƙe makirfo yana ta zuba wa amarya kirari, matata ta ce daga bayan babur, "Ni dai tun da aka ɗaura, 'miya ya yi daɗi' shi ne kawai yabon da na sani." Da dariya ta faɗa, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Gaskiya ta faɗa. A gidanmu namiji ba ya furta irin wannan, kuma ni bakina ya fi na ubana nauyi. Ga shi watan Fabrairu za mu cika shekara talatin da biyar da aure, za mu yi godiya a coci. Sai na ƙudura fure ya yi mini maganar.

Ruwan farko na sauka na shuka shida, rana ɗaya da cittata. Yatsun na juya sama, don a ganina su ne ido. Ruwan Kafanchan kuwa ba ya tambayar wa ya gaji. Bayan sati uku na tona, na tarar duk sun ruɓe sun zama kunu. Alhajin da ke sayen cittata ya same ni tsugune a wurin.

"Malam, ana cinsa ne?"

"A'a."

"To magani ake yi da shi?"

"A'a, kallo ake yi."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na buga wa 'yarmu waya ina faɗa. Ta ce sanyi yake so, ba ya son ruwa ya kwanta masa, ta kuma tambaya ko na karanta takardar. Na ce na karanta. Girman kai dai rawanin tsiya ne.

Da Nuwamba ya kama na buɗe ambulan, sai na ga uku maimakon shida. Na zagi ɓeraye har jikokinsu. Ukun nan na jiƙa su, na sa a bokiti da ƙasa mai kyau, yatsu sama kamar dai wancan karon. Kullum da safe ina kansu kafin in wanke fuska. Biyu ko motsi ba su yi ba. Ɗaya ya fito a makare, a karkace, ganyensa rawaya, bai ga Kirsimeti ba. Duk da haka na ci gaba da ba shi ruwa, don haushi. Matata takan wuce da tsintsiya ta ce, "Tica, wannan gawa da kake ba shi ruwa, yaushe ne jana'iza?"

Satin godiya na je kasuwa na sayo mata atamfa, abin da nake yi kowace shekara. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Ran Lahadi da safe ina ɗaura takalmi sai ga ta daga bayan kicin, ɗauke da tsohuwar tasa mai huji da ta daɗe tana ajiye a inuwar randa. A cikinta fure ɗaya tal, ruwan goro, bai kai na hoton girma ba, amma shi ne. Ta dire a gabana.

"Ɓeran ya gaishe ka," in ji ta.

Na tambaye ta yadda ta yi. Ta ce, "Kai ka gan citta, ni na gan rogo. Ka taɓa ganin rogo ya miƙa yatsu sama? Kuma an zana shi a bayan pepa ɗin da ka ɓoye a Zabura."

Wato ta ga takardar, gaba da baya. Wata da watanni tana kallona ina fama, ta san abin da nake nema, ba ta ce uffan ba. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa.

Ta gyara ɗankwali ta tsaya. "To, ga fulawan. Me ya ce?"

Na fara karanto mata Turancin da na haddace. Ta ɗaga hannu.

"Ba ajinka ba ne nan. Da bakinmu."

Na dubi tasa, na dubi takalmina, ƙararrawar coci tana ta bugawa. Da ƙyar na ce, "Maman yara, har yanzu in kin shigo wuri, ke nake gani."

Ta ɗauki jakarta, ta goge ido da gefen gyale, ta ce, "Abin da ka kashe masa 'yan'uwa tara a kai ke nan? Tashi mu je, mun makara."