Ranar da Na Fara Goya Ta

Shekarar da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas zuwa Abuja, har da mu a cikin komatsan. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, aka ba shi gida a bene hawa na uku, fenti ko gama bushewa bai yi ba. Ni kuwa ga ƙaramin ciki. Gari fes, tituna maka-maka, amma ba mai ce miki kin tashi lafiya.

Ƙishirwa ta sa ni gaba, ga yawan fitsari. Na ɗauka laulayi ne. To wa zan tambaya? Innata tana can Katsina. Sai da ciki ya tsufa na je awo, likita ta ce ciwon suga gare ni, wai tun kafin cikin ma, kuma a watannin farko yakan taɓa halittar ɗa.

Na haifi mace. Kyakkyawa ce wallahi, sai dai can ƙasan gadon bayanta ƙashi bai rufe ba. Aka yi mata aiki, aka ce ban da goyo sai sun ba da izini. Inna ta zo wankan jego, muka yi arba'in ta koma, tana mitar garin da ba a hura itace. Rashin goyon nan ya ci ni ƙwarai. Mace da 'yarta, a ce kullum tana tallabe da ita kamar tiren ƙwai.

Ranar da likita ta ce tabon ya warke, in goya a hankali, maigida ya sauke mu ya wuce ofis. Na ɗauko zane da majanyi, na sunkuya, sai na tsaya cak. A gidanmu goyon fari ba kya ɗora wa kanki, wata ke ɗora miki. Ga tsoron kada in fama mata ciwo. Na bi ƙofofin maƙwabta ina ƙwanƙwasawa, duk a garƙame, kowa ya tafi aiki. Na zauna a matakala na sha kukana.

Can sai ga wata Bagwariya mai tallar doya. Na ce, "Mama, don Allah ɗora mini ita."

Ta sauke kayanta, ta goge hannu a zanenta, ta dubi tabon ba ta tambaye ni komai ba.

"Madam, sunkuya," in ji ta. "Yarinya ba shi da nauyi."

Ta ɗora, ta gyara majanyin ya kauce wa tabon, ta ɗauki doyarta ta yi gaba.

Na koma falo ina kai da komo, ɗuminta a bayana. Na goyi ƙannena, na san yadda jariri ke shurin ƙugu idan ya ji daɗi. Na jira. Na kai hannu na matsa tafin ƙafarta ta dama, na matsa ta hagu. Reto kawai suke yi. An gaya mini tun a asibiti cewa ƙafafun ba za su yi aiki ba, amma sai ranar na yarda.

Ban sauke ta ba har la'asar ta wuce, kuma ba wanda ya gan mu.