Allurata da Jar Akuyar Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun ji ni shiru kamar an aiki bawa garinsu. Masu turo saƙo suna tambayar ko haihuwa na sake yi, ku kwantar da hankalinku. Jinya na sha, kuma akuya ce sila.

Waɗanda suka san ni sun san abin da ya faru a haihuwar Nafisa, 'yata ta biyar. Jini ya ɓalle mini, sai da aka yi mini ƙari. Ranar da za a sallame ni likita ya ce wa maigidana, "Malam, in ta sake ɗaukar ciki nan kusa, ban ba ka tabbacin za ta tashi ba."

Shi ya sa na fara allurar tazarar haihuwa, irin wadda mace ke yi wa kanta duk wata uku. 'Yar mitsitsiya ce, maganin da allurar a haɗe suke. Malamar asibitin ƙauyenmu, can wajen Zango, ta koya mini yadda zan tattaro fatar cinya in soka, sannan ta ba ni ta gaba in ajiye a gida, don kada in riƙa hawa acaɓa ina jele.

Matsalar ɗaya ce, Inna. Surukata ce, gida ɗaya muke, kuma ita lissafin jikoki take kamar yadda take lissafin awakinta. Baban Nafisa, da yake fataucin dabbobi yake, sai ya kawo dabara. Ya ce, "Kawo in saka miki a jakar maganin dabbobi. Nan ne kawai Inna ba ta bincike."

Allah ya kiyaye ku da dabarar namiji mai tsoron uwarsa.

Lokacin allura ya yi, na zazzage jaka, babu ita babu dalilinta. Ya ce wataƙila a kasuwar Mai'aduwa ta faɗi. Na koma asibitinmu, aka ce ta ƙare, sai an kawo. Kunya ta hana ni tambayar abin da zan yi kafin nan. Na dawo gida na bar wa Allah.

Ba a jima ba na fara kasala. Sai tashin zuciya. Ƙanshin daddawa kawai zan ji in nufi bayan ɗaki da gudu. Jiri, zazzaɓi, bakina ɗaci.

Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ina kallon Nafisa tana rarrafe, ina tunanin wa zai goya ta.

Inna kuwa baki har kunne. Ta dama mini kunun tsamiya tana cewa, "Allah ya sa namiji ne." Damuwarta ɗaya a lokacin, jar akuyarta da ta ƙi ɗaukar barbara. An kawo bunsurun maƙwabta, an aro wani daga Dutsi, akuya ko kallonsu ba ta yi.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin murhu aka ɗauko mota zuwa Daura. Aka yanki kati, aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka rataya mini ƙarin ruwa. Gwaji da magani sai da suka cinye rago guda. Inna ce mai jinyata, tana gefen gado da carbi, ni ina roƙon kada ya zama ciki, ita tana roƙon ya zama. Na ce yau za a ga bakin wa ya fi.

Likita ta zo da sakamako. "Babu ciki. Taifot ne da maleriya, kuma jininki ya yi ƙasa."

Ban taɓa zaton zan yi wa taifot guɗa ba. Na fashe da kuka ina hamdala.

Sai ta rage murya ta ce, "In yi magana a gaban Mama?" Na gaji da ɓoye-ɓoye, na ce ta yi. Ta ciro irin allurar daga aljihu ta tambayi dalilin da na daina.

Inna ta miƙo wuya. "Wannan ai maganin tsutsar dabbobi ne. Irinsa na gani a jakar yaron nan, na tsira wa jar akuyata."

Matar gadon kusa da ni ta kece da dariya har ƙarin ruwanta na rawa. Baban Nafisa ya ce bari ya duba takalminsa a waje. Takalmin kuwa yana ƙafarsa.

Likita ta zauna ta yi wa Inna bayani dalla-dalla, har abin da aka faɗa ranar da na haihu. Inna ta ci gaba da jan carbinta. Ni dai na ce shi ke nan, ni da allura sai a lahira.

Da muka koma gida ta kira mu ɗakinta, ta buɗe adakarta, inda take ajiye turamen zannuwanta. Ta ce, "Kawo sabuwar allurar nan. Ni zan riƙa ajiyewa, ni zan riƙa tuna miki." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma sakarai, akuya in ta mutu sai a sayo wata ranar kasuwa. Wace kasuwa za ka samo wa yaran nan uwa?"

Nan na sake wani kukan.

Alhamdu lillahi na warke, har na fara daka sakwara da kaina. Na gode wa ma'aikatan da suka kula da ni, da duk wanda ya yi mini addu'a.

'Yan uwa mata, ku ajiye allurarku a inuwa, inda yaro ba zai kai ba, nesa da kayan dabbobi. In kun je an ce ta ƙare, kada ku juyo haka nan, ku tambayi abin da za ku riƙe kafin a kawo. Kuma ba kowane amai ne ciki ba, ku je a gwada.

Jar akuya kuma tana gaishe ku. Ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, har yau hutunta take sha.