Hucin da Bai Tsaya Ba

Jiya rediyona ya yi huci, na ɗage ƙafafuna ban sani ba. Sai na tuna marigayi kawuna, mai gyaran rediyo a Tambuwal. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Kashe komi, mu saurara."

Shekarar da na sa wa motata sabon kaset da manyan lasifika, na ɗauko damman gero daga Fakku, wani huci ya dame ni. Na kai masa motar, ina ta zagin wayar lasifika. Ya leƙo yana warin dalma, ya kashe kaset, ya kashe inji. Hucin bai tsaya ba.

Ya ce a hankali, "Ɗana, kak ka motsa."

Kububuwa ce ƙarƙashin kujerata. Da hannu guda ya fizgo ni waje.

Kawu, yadda ka fizge ni ranar nan, Allah ya fizge ka daga duk abin tsoron kabari.